Noti Huɗu na Malam Dogo

Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Gagarawa ya san rumfar Malam Dogo, ko da bai san mai ita ba. Tana nan a Gagarawa Tasha, kusa da masu sayar da rake. Rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu, ɗaya ƙafar ma guntun bututun famfo ne. Sunansa na yanka Abdurra'uf, amma tun da ya zarce mahaifinsa tsawo yana ɗan shekara goma sha biyar, sunan ya tsaya a bakin mahaifiyarsa kaɗai. Yanzu ya haura sittin. Da facin keke ya fara, ya koma babur, daga baya ya zauna a kan injinan niƙa da na ban ruwa da na sussuka. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa inji, sai ya ce ka tayar, ya tsuguna ya karkata kai yana saurare, can ya ɗaga hannu, alamar ka kashe. Ya ji abin da zai ji.

Abu biyu ya gada daga maigidansa, wani tsohon bakanike a Gumel da ya daɗe da rasuwa. Na farko, ba ya ɗaure noti sai ya tsoma bol ɗin a gwangwanin baƙin mai, don kada tsatsa ta ci shi. Hannunsa ne yake yi da kansa, ba sai ya tuna ba. Na biyu, ba ya yarda a ɗiga walda a kan noti. A ƙasarmu kuwa, in noti ya dami mutum da kwancewa, maganinsa ke nan: a kira mai walda ya liƙe shi, a huta. Dogo ya sha rasa aiki saboda wannan. Yakan ce da mai inji, "Wanda ya yi masa zare ya san wata rana za a kwance shi," ya tattara sifanoninsa ya koma rumfa.

Shekara uku da suka wuce, manoman Rijiyar Yelwa, ƙauyen da aka binne cibiyarsa, suka haɗa kai suka sayi injin sussuka. Inji ne ƙirar gida, mai ƙarfi, yana cin damin gero kamar bai ci ba, amma jijjigarsa sai ka ji ta a haƙoranka. Tun ranar da aka sauke shi aka damƙa gyaransa a hannun Dogo. Mai tayar da shi da zuba masa gero kuwa Aminullahi ne, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai 'ya'ya biyar.

Ciwon injin ɗaya ne. Akwai noti huɗu da ke riƙe da gidan boris, inda sandar ƙarfen da ke juyawa take zaune. Kwana biyu, kwana uku, sai su saki. Sandar ta fara rawa, bel ya fara karkata, a kashe, a nemo sifana. Dogo ya sa washa mai tsini, ta lotse. Ya so ya ƙara noti na biyu a kai, bol ɗin ya gaza tsawo. Ya ɗaure da waya, jijjiga ta tsinke ta. Haka aka yi kaka biyu.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Habibullah, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya ya dawo gona. Mutumin kirki ne, sai dai yana son a gama magana a rufe fayil. Da kaka ta uku ta matso, ya tsaya da motarsa a bakin rumfar Dogo, bai ko fito ba.

"Malam Dogo, mutanen ƙauyen gabanmu sun ɗiga wa nasu walda tun bara. Shiru kake ji."

"Za a ji su, Alhaji."

"Yaushe?"

"Ranar da boris ya mutu. Boris kuwa ba ya kaka uku. Sai sun yanka ƙarfen kafin su kai gare shi. Zafin waldar ma ya riga ya narkar masa da giris."

"To kai me ka tanada mana? Waya?"

Dogo ya ci gaba da goge wani fulogi har motar ta tashi.

Ranar Alhamis ya je kasuwar Maigatari neman bel. A bayan masu shanu, inda manyan motoci suke fakawa, ya ga wani bakanike ɗan Damagaram ya yage leda ya fito da sababbin bol, yana ɗiga musu wani ruwa shuɗi daga 'yar kwalbar roba kafin ya ɗaure. Dogo ya daɗe a tsaye a kansa. Shekararsa arba'in da wani abu yana riƙe sifana, kuma ba ya son tambaya. Amma ya tambaya.

Mutumin ya ce su can kol suke ce masa, a nan kuma gam ɗin noti. Ya ce muddin yana shan iska ruwa ne, ba ya bushewa, sai an matse shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe yake daskarewa ya cike zaren, jijjiga ta rasa inda za ta bi.

"Kala biyu gare ni, tsoho. Shuɗin nan, in ka so kwancewa, sifana ta isa. Ja kuwa, sai ka gasa shi da wuta. Kada ka ga ja ka ce ya fi. Wanda za ka sake buɗewa, shuɗi. Kuma in ka ɗaure, ka bar shi ya kwana ya yini. Kada a tayar."

Bai ƙara komai a kan haka ba, don shi bol ɗinsa daga leda suke fitowa, busassu ƙarau. Dogo ya nemi shagon da aka kwatanta masa, ya sayi shuɗi, ya sa a aljihun gaba.

Ranar Asabar, a masussuka, mutane suka kewaye shi suna kallo. Alhaji Habibullah ya karɓi kwalbar, ya ɗiga a ɗan yatsa, ya haɗa da babban yatsa, ya jira, ya raba. Ko kama bai yi ba.

"Wannan ne gam ɗin? Malam Dogo, ai bula ce aka sayar maka. Ta wankin farin kaya."

Aka yi dariya. Dogo ya kwance noti huɗun, ya zaro bol, ya tsoma kowanne a gwangwaninsa na baƙin mai kamar kullum, ya ɗiga shuɗi, ya ɗaure. Ya ce kada a tayar sai gobe da hantsi. Aka bi maganarsa, don a lokacin damman gero ba su fara taruwa sosai ba.

Lahadi injin ya yi aiki. Litinin ya yi. Talata ya yi. Ranar Laraba da hantsi, ana tsaka da sussukar geron Alhaji, sandar ta yi wata girgiza, bel ya fice ya wuce ta gefen kunnen Aminullahi, ya je ya kifar da kwanon awo. Ba wanda ya ji ciwo. Amma kowa ya ga inda ya bi.

Da aka kira Dogo ya zo a kan babur, ya tarar noti biyu ana juya su da yatsa. Shuɗin yana nan a zaren, laushi, ya cakuɗe da baƙi. Wani daga baya ya ce, "A buɗe hanya, ga Dogo mai bula." Wannan karon Alhaji bai yi dariya ba.

"Malam Dogo, mun girmama furfurarka kaka biyu. Ranar Asabar Irfan mai walda zai zo daga Gumel. Daga ranar, inji ya fita daga hannunka. Kafin nan Aminullahi ya riƙa tsayawa yana matsewa."

"Ba a hannuna za a yi wa injin nan walda ba."

"Ai na ce ya fita daga hannunka."

Aminullahi ya raka shi har inda ya ajiye babur. Ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, ni nake tsayawa a gabansa. In walda ce za ta riƙe, ka bar su."

Wannan ta fi ta Alhaji zafi. Dogo ya dube shi, ya dubi kunnen, ya tayar da babur.

Ranar Alhamis bai buɗe rumfa ba. Ya zauna a tsakar gida bayan azahar, da tsohon bol ɗaya a hannu da kwalbar nan, yana juya su. Ɗan Damagaram bai yi kama da maƙaryaci ba, kuma motar da yake gyarawa ta fi injin sussuka shan wahala. To ina aka kuskure?

Matarsa Murja tana gefe a kan tabarma, tana shirin zuwa suna washegari. Ta kwaɓa lalle ta ajiye, ta ɗauko sabulu ta wanke hannu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, ta goge da zane, ta shanya tafukan a rana.

"Duk wannan wankin na mene ne? Hannun ai ba datti."

"Ji Malam. Ɗazu na yi suyar ƙosai. Lalle ba ya kama hannu mai maiƙo, sai dai ka yi asararsa. Gobe ka ga ya fito dishi-dishi kamar na mai koyo." Ta dubi bol ɗin da ke hannunsa. "Kai ma da ka riƙa wanke naka, da rigunanka sun huta."

Dogo ya dubi bol ɗin. Baƙin mai yana ƙyalli a kowane layi na zaren. Ya dubi yatsunsa. Murja ta ɗauka haushi ya ji.

Ya tashi ya zuƙo fetur daga tankin babur, ya wanke bol ɗin da notinsa da tsohon buroshi, ya shanya a kan dutse. Da suka bushe ya ɗiga shuɗi, ya ɗaure, ya ajiye a kan katanga. Ya ɗauko wani bol, ya tsoma a mai, ya ɗiga shuɗi, ya ɗaure, ya ajiye kusa da ɗan'uwansa. Da safiyar Juma'a ya gwada. Mai man ya juya ba gardama. Wankakken kuwa, ko da bai cika yini ba, ya ƙi, sai da ya sa ƙarfi.

Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya gane a shekara sittin cewa abin da maigidansa ya koya masa shi ne ya kunyata shi a gaban garinsu. Maigidan bai yi kuskure ba, a zamaninsa babu wannan kwalbar. Dogo ya yi masa addu'a, ya zuba fetur a gora, ya hau babur.

Ya isa masussuka rana ba ta yi zafi ba, Aminullahi na shirin tayarwa. Damman gero sun yi tudu-tudu, kowa da nasa, amalanken shanu biyu suna sauke wasu.

"Kada ka tayar."

"Kawu, Alhaji ya ce..."

"Ya ce Asabar. Yau Juma'a. Har yanzu a hannuna yake."

Ya kwance huɗun duka. Ya wanke kowane bol da kowane noti da fetur, ya bi zaren da buroshin waya, ya sake wankewa, ya jera su a kan murfin kwano a rana. Mutane suna ta gunaguni, shi yana tsugune yana jiran ƙarfe ya bushe. Sau ɗaya hannunsa ya miƙa wajen gwangwanin mai. Ya janye shi, ya tura gwangwanin da ƙafa can nesa. Ɗigo biyu a kowane bol, daidai inda noti zai zauna, ba ƙari. Ya ɗaure su a gicciye, wannan sannan na can, har suka zauna daidai. Sai ya fito da ɗan fenti fari, ya ja layi siriri daga kan kowane noti ya sauka a jikin ƙarfen.

Da ya gama, ya zare hannun tayar da injin, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake murzawa, ya rataya a kafaɗa.

"Sai gobe da hantsi."

"Kawu, mutane tun asuba suke layi."

"Geron da ya yi wata uku a gona ba zai lalace a yini ɗaya ba."

Da ƙarfen ya tafi masallacin Juma'a. Ya ajiye shi ƙarƙashin takalmansa a bakin ƙofa, inda zai riƙa hango shi. Ana sallamewa Alhaji Habibullah ya tare shi, mutane suka rage sauri.

"Malam Dogo, kayan jama'a ne a hannunka."

"Na sani, Alhaji. Shi ya sa na riƙe."

"Ka hana mutum goma sha aiki saboda bula? Ba mun gwada ta ba?"

"Ba ku gwada ta ba. Ni kuka gwada, na faɗi." Ya ɗaga murya kaɗan, abin da ba a saba ji daga gare shi ba. "Ni na shafa wa bol ɗin mai, mai kuwa ba ya barin ta kama. Laifin hannuna ne. Na gyara. In aka tayar yau, an ɓata, kuma za ku ce ita ce."

"In na ce ka ba ni ƙarfen nan fa?"

"Sai in ce ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa, kuma duban Dogo daga sama har ƙasa yana ɗaukar lokaci. Ya gyara hularsa.

"Gobe mai walda yana zuwa. Ban fasa ba."

"Allah ya kawo shi lafiya."

Asabar da hantsi Irfan ya iso a a-kori-kura da janaretansa da wayoyinsa. Ya tarar da Dogo zaune a kan injin, ƙafafunsa sun sauko daidai kan gidan boris, ƙarfen tayarwa a cinyarsa. Irfan ya san shi, don mahaifinsa ma a hannun Dogo yake gyaran babur. Ya gaishe shi a ladabce, ya juya wajen Alhaji.

"Alhaji, ni ƙarfe nake wa walda. Ban iya ta mutum ba."

Aka yi dariya, har Alhaji ya kusa. Dogo ya sauko, ya kira su duka, ya nuna musu layin fentin.

"Ga shaida, ba sai an tambaye ni ba. In noti ya motsa ko da kaurin gashi, layin zai karye, mai ido ɗaya ma zai gani. Ranar da ya karye, ku kira Irfan, ni zan riƙe masa waya, kuma ba zan sake taɓa injin nan ba har in mutu. Amma muddin yana miƙe, ba mai kusantar notin nan da wuta."

"Wancan karon ma kwana uku ya yi," in ji Alhaji.

"To ka ƙirga huɗu."

Ya miƙa wa Aminullahi ƙarfen. Aminullahi ya karɓa, ya tsaya yana kallon bel. Dogo ya gane. Ya matsa ya tsaya a gefen bel, daidai inda ya bi ranar Laraba, ya harɗe hannuwa a baya.

"Tayar. Ina nan."

A nan ya yini. Ƙaiƙayi ya rufe masa gemu da gira, Murja ta aiko da fura ya sha a tsaye. Irfan ya zauna a inuwar motarsa har la'asar, ya zo ya leƙa layukan, ya naɗe wayoyinsa ya koma Gumel. Lahadi Dogo ya dawo ya tsaya a wurin. Litinin ma haka. Rumfa a rufe, masu babur suna zuwa suna komawa. Ranar Laraba Aminullahi ya ce, "Kawu, ka tafi, kana tare mini iska." Sai ya tafi.

Alhaji Habibullah kuwa bai saki ba. Kullum da safe, kafin a tayar, sai ya zo ya sa tabarau, ya durƙusa da babbar rigarsa, ya duba layi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Aka gama gero aka shiga dawa yana wannan durƙuson.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe aikin, injin ya soma wani kuka siriri. Aminullahi ya kashe, aka aika Tasha. Dogo ya zo ya saurara, ya ce boris ne, ya cinye kwanansa. Ya ɗora sifana a kan noti na farko, Alhaji na tsaye a bayansa. Ya ja, ya ƙi. Ya gyara tsayuwa ya sake ja. Ya yi ƙas, ya saki, ya biyo sifana a hankali. Haka sauran ukun. Kafin a kira azahar sabon boris ya zauna, an wanke bol, an shanya, an ɗiga, an ɗaure, an ja sabon layi. Dogo ya miƙa hannu zai zare ƙarfen tayarwa, sai ya ga babu. Yana hannun Alhaji.

"Zan ajiye shi a gidana," in ji Alhaji, yana kallon wani wuri daban. "Mutanen nan ba su da haƙuri."

Bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba, Dogo kuma bai nema ba. Injin dai har yau in ya yi tari, Tasha ake aikawa.

A makon ne wata a-kori-kura ta wuce ta gaban rumfar da wani injin sussuka a baya, an yanke masa gefe guda, za a kai shi Gumel. Masu rake suka ce na ƙauyen gaban Rijiyar Yelwa ne, suka juyo suna jiran abin da Dogo zai ce. Yana wanke bol a cikin fetur, bai ɗago ba.

Gwangwanin baƙin man yana nan, bai yar da shi ba. Ya dai mayar da shi bayan rumfa, inda sai ya tashi ya taka kafin ya kai gare shi. Kwalba biyu ne yanzu a akwatinsa. Ja tana ƙasa, an naɗe ta da tsumma, shekara guda sau biyu aka gan ta. In mai inji ya nace shi ja yake so don ya fi ƙarfi, Dogo yakan tambaye shi ko yana da niyyar sake ganin cikin injinsa.

Sunan da aka laƙaba masa a masussuka bai goge ba. Da ya ga haka, ya ɗauki ragowar farin fentin nan ya rubuta a jikin kwanon rumfar, da manyan baƙaƙe karkatattu, yadda na cikin mota zai iya karantawa: DOGO MAI BULA.